Daga Ƙofofin Ganuwa Zuwa Sef Mai Lamba: Taku Nawa Za Ka Riƙa Yi?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son su karanta.

Yau maganar kulle za mu yi. Kun san sef, akwatin ƙarfen nan mai nauyin tsiya da ake gani a kusurwar kantin manyan 'yan kasuwa, mai wani abin murɗawa a gaba da aka zana wa lambobi daga 0 zuwa 99. To, akwai mutane a duniya da abin sha'awarsu shi ne buɗe irin wannan makullin ba tare da sun san lambarsa ba. Ba guduma, ba walda, ba huda ƙarfe. Yatsu ne kawai da ido da fensir da takarda. Ni ma ina taɓa abin daidai gwargwado. Kuma in masu wannan sha'awar suka haɗu, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu: in kana zagaya lambobin nan kana bincike, nawa-nawa za ka riƙa tsallakewa? Bibbiyu? Biyu da rabi? Ko biyar-biyar?

Za ku ce wannan ai ƙaramar magana ce. Ku dai biyo ni. Amma bari mu fara daga gida, don Kano ta daɗe da sanin kulle tun kafin sef ya zo.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, a zamaninsa ne kuma aka kafa Kasuwar Kurmi. Da Bature Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ce ƙyaurensu na katako ne an lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Kowace ƙofa da sarkinta, Sarkin Ƙofa, wanda gidansa ke nan dab da ita. Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Wambai, Mazugal, Kansakali, Dukawuya, Gadon Ƙaya, sunayen da yau muke faɗa wa mai adaidaita sahu, a da kowanne bakin makulli ne.

Ku lura da yadda tsaron yake aiki. Babu wanda ya taɓa cewa ganuwa ba ta hawuwa ko ƙyaure ba ya fasuwa. Aikinsu shi ne su ɓata wa maƙiyi lokaci har a buga tambari, mayaƙa su hau. A ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, sojojin Turawa a ƙarƙashin Kanar Morland suka zo da igwa, suka shiga ta wajen Ƙofar Kabuga a rana ɗaya. Ganuwar tana nan da kaurinta. Lokacin da take saya wa mutanen gari ne ya ragu daga watanni zuwa awoyi.

A cikin gida kuma fa, ina ake ajiye dukiya? Ku tuna kuɗin lokacin wuri ne. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wato dala ɗari wuri 250,000 ke nan. Ɓarawon da zai saci wannan sai ya zo da jakuna. Nauyin kuɗin shi kansa makulli ne. Sauran tsaron kuma mutane ne: zaure bayan zaure, bayi da barori, da fatoma wanda baƙon ɗan kasuwa ke sauka a gidansa ya damƙa masa kaya bisa amana. Maƙera suna ƙera sakata da sarƙa, mata suna da adaka da tukunyar da ake binnewa a ƙarƙashin gado, yara suna da asusu wanda ba shi da mabuɗi sai fasawa.

Akwai abu ɗaya da Barth ya gani a Tasawa, a ƙasar Nijar ta yanzu, wanda nake so ku riƙe. Ya ga yadda ake ƙirga wuri: biyar-biyar ake jan su da yatsu, ashirin hauya guda, hauya goma a tara tsibi na ɗari biyu. Me ya sa biyar? Don in ka ja ɗai-ɗai rana za ta faɗi ba ka gama ba, in kuma ka ja goma-goma idonka ba zai tabbatar da abin da yatsunka suka ja ba. Kakanninmu sun zaɓi takun da ya fi sauri a cikin waɗanda ba sa kawo kuskure. Wannan ita ce ainihin gardamar masu buɗe sef, za mu dawo kanta.

Abin da ya kawo akwatin ƙarfe Kano shi ne sauyin kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, sulallan azurfa suka maye gurbin wuri. Dukiyar da a da sai an ɗora wa jaki, yanzu ta shiga jaka ɗaya, shi ya sa har yau tsofaffi in sun ce jaka guda suna nufin fam ɗari, wato naira ɗari biyu. Baitulmalin hukumar gargajiya da kamfanonin Turawa irin su John Holt da kantunan Kwari duk suka buƙaci wurin ajiya mai ƙarfi. Sanannen labari ne cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa na Kano, bankin da ya zama First Bank a yau. Ku yi tunanin inda waɗannan sulallan suke kwana kafin ranar. Yawancin sef ɗin Ingila na wancan zamanin, irin na Chubb da Milner, na mabuɗi ne. Mai lamba ya fi yaɗuwa a Amurka, daga baya ya cika duniya.

Amma fa asalin dabarar ba ta Amurka ba ce. A wani gidan tarihi a Kofanhegan ta ƙasar Denmark akwai wani akwatin tagulla mai makullin haruffa, da sunan wanda ya ƙera shi, Muhammad ibn Hamid al-Asturlabi mutumin Isfahan, da shekarar 597 ta Hijira, wato wajen 1200. A 1206 kuma injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir a Turkiyya ta yanzu, ya bayyana yadda ake ƙera irin wannan makulli a littafinsa na na'urori. Sai ka jera haruffan Larabci daidai kafin murfi ya ɗaga. Wato tun ana ginin ganuwar Kano wasu suka gano cewa za a iya mayar da mabuɗi ya zama sirri a cikin kai, wanda ba a yanke shi daga aljihu.

Yanzu ku dawo 1851, shekarar da Barth ke yawo a Kurmi. A wannan shekarar aka yi babban baje koli a Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya zo. Kamfanin Bramah yana da wani kwaɗo da ya ajiye a tagar kantinsa tun 1790, da alƙawarin gini 200 ga duk wanda ya buɗe shi ba da mabuɗinsa ba. Shekara sittin ba wanda ya iya. Hobbs ya fara da makullin Chubb da Ingila ke taƙama da shi, ya buɗe cikin abin da bai kai rabin awa ba. Sannan ya zauna wa na Bramah, awa 51 a cikin kwana 16, ya buɗe shi. Hankalin masu banki ya tashi. Daga nan aka daina tambayar ko makulli yana buɗuwa, aka koma tambayar awa nawa zai ɗauka.

A 1857 James Sargent ya fito da makullin lamba wanda mai shi zai iya sauya lambar. Da 'yan fashi suka ga ba mabuɗin da za su sata, sai suka koma ɗauke ma'ajin banki da dare su tilasta masa ya faɗi lamba. Sai Sargent ya ƙera makulli mai agogo a 1873, wanda ko kana da lamba ba zai buɗu ba sai lokacin da aka saita ya yi. Da na fara karanta wannan sai da na yi dariya, don ai dokar Sarkin Ƙofa ce aka sa a cikin ƙarfe: in rana ta faɗi, ko kai wane ne sai gobe.

To, yaya cikin makullin yake? Ku ɗauki faifai uku irin na rufe ƙwarya, ku soke su a tsinke ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Kowane faifai an yanke masa giɓi guda a bakinsa. A samansu akwai wata 'yar sandar ƙarfe da ta gitta dukkan ukun. In giɓin nan uku suka jeru a ƙarƙashinta sai ta faɗa ciki, sakata ta janye, sef ya buɗe. Lambobi ukun da kake murɗawa, hagu, dama, hagu, aikinsu kawai ajiye kowane faifai a inda giɓinsa zai zo ƙarƙashin sandar. Abin sha'awa, maƙeran wannan makulli a harshensu ƙofa suke kiran giɓin, sandar kuma shinge. Wato kowane faifai ganuwa ce mai ƙofa ɗaya tak.

Lamba ɗari sau ɗari sau ɗari, miliyan ɗaya ke nan. A ce kowane gwaji yana cin daƙiƙa 30, ba barci ba cin abinci, sai ka yi kwana 347 kafin ka gama. Wannan shi ne lissafin da mai sayar da sef zai faɗa maka. Amma akwai inda lissafin yake yoyo.

Dole ƙofar ta fi shingen faɗi. In aka yi su cif-cif, mai sef ɗin da kansa ba zai iya buɗewa ba, don hannun ɗan Adam ba ya tsayawa a kan layi daidai kullum, balle dattijo mai raunin ido da asuba. Saboda haka ake barin sassauci. In lambarka 40 ce, 39 ko 41 ma za ta iya buɗewa a makulli da yawa. Hukumar gwajin kaya ta Amurka da ake kira UL ta ƙayyade cewa makulli mai faifai uku kada ya buɗe in an kauce fiye da lamba ɗaya da kwata ta kowane gefe. Ɗaya da kwata hagu, ɗaya da kwata dama, biyu da rabi ke nan. Daga nan takun biyu da rabi ya samo asali. In kana tsallake biyu da rabi, lambobi 100 sun koma 40, miliyan ɗaya ta koma 64,000.

Wanda ya fi shahara da gano wannan ba ma ɗan sana'ar ba ne. Richard Feynman, masanin kimiyyar lissafi da ya ci kyautar Nobel a 1965, yana cikin waɗanda suka yi aikin bam ɗin nukiliya a Los Alamos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wuri ne a cikin daji, ba wajen shaƙatawa, sai ya mayar da durowoyin ajiye takardun sirri abin wasansa. Ya gano cewa makullansu suna yafe kuskuren lamba biyu ta kowane gefe. Wato kowace lamba tana rufe gida biyar, sai ya koma gwaji biyar-biyar, kamar mai ƙirga wuri. Ashirin sau ashirin sau ashirin, 8,000. Ya kuma gano cewa in durowa tana buɗe, yana iya tsayawa yana hira yana wasa da mamurɗin har ya karanto lambobi biyu na ƙarshe. Da ya nuna wa wani kanar wannan rauni, ya ba shi shawarar a riƙa rufe durowa lokacin aiki, sai kanar ya ba da umarni a yi hattara da Feynman ɗin. Kun ji fa. Aka bar jaki ana dukan taiki. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa na 1985.

Amma masu sana'ar na gaske ba sa gwada dubban lambobi. Suna sa makullin ne ya yi musu tsegumin kansa. Ga yadda abin yake. Bayan fayafan nan uku akwai na huɗu da ke manne da mamurɗi, mu kira shi jagora, yana da ɗan kwari a bakinsa. Shingen kuma yana jikin wani hannu mai hanci. Duk lokacin da kwarin ya zo ƙarƙashin hancin, hancin yana so ya faɗa, sai shinge ya tokare a kan fayafai, ya nutsa kaɗan kawai. In ka murɗa a hankali za ka ji inda hancin ya taɓa gangaren kwarin ta hagu, da inda ya taɓa ta dama. Wurare biyu ne a kan lambobi, ana iya karanta su. Gwargwadon nutsewar hancin, gwargwadon kusantar wuraren biyu.

Kuma babu masana'antar da za ta ƙera fayafai uku su zo daidai har gashi. Dole ɗaya ya ɗara sauran tsayi, shi shinge yake kwanciya a kai. Ranar da ƙofar wannan dogon ta zo ƙarƙashin shinge, sai shingen ya sauka kaɗan a kan na biye da shi, wuraren taɓin nan biyu su matso da kwatan lamba, ko ma ɗaya bisa takwas. Shi ke nan sirri ya fita. Abin da kuke gani a fim, mutum ya manna abin sauraren ƙirji na likita yana jiran ya ji ƙas, yawancinsa shiri ne. Aikin na ido ne da rubutu: ka ajiye fayafai a wata lamba, ka koma ka karanta wuraren taɓi, ka ɗiga a takarda mai gida-gida, ka matsa gaba, ka sake. In ka zagaye, sai ka duba zanen ka ga inda layi ya lotsa. Wani malamin kwamfuta, Matt Blaze, ya yi bayanin lissafin a wata takarda a 2004: maimakon 40 sau 40 sau 40, aikin ya kusa komawa 40 da 40 da 40, don kana cin fayafan ɗaya bayan ɗaya.

Yauwa, yanzu mun iso kan gardamar. Ka matsa gaba da nawa?

Ku ɗauka mutum ne a cikin duhu yana bin jikin ganuwa yana neman ƙofa, ba ya gani, sai dai duk bayan 'yan taku ya kai sanda ya taɓa. In tazarar da ke tsakanin taɓi da taɓi ta fi faɗin ƙofar, zai iya taɓa ginin hagu, ya taɓa ginin dama, ya wuce ƙofa tana buɗe bai sani ba. In kuma ya ce kowane taƙi sai ya taɓa, gari zai waye bai bar Ƙofar Nasarawa ba. Dokar guda ce: takunka kada ya fi faɗin ƙofar da kake nema.

Masu biyu da rabi suna da hujja. Karatu 40 ne a zagaye, kuma yana faɗawa a kan manyan layukan mamurɗi: 0, biyu da rabi, 5, bakwai da rabi, 10, ba ka ruɗewa. A makulli mai yalwar sassauci, irin wanda ke kan yawancin sef na kanti, ya wadatar. Masu bibbiyu kuma suka ce ai ba duk makulli ne ke cin iyakar sassaucin da doka ta yarda ba. Akwai matsattsu, irin samfurin 6730 na kamfanin Sargent & Greenleaf, wanda sassaucinsa rabin lamba ne ta kowane gefe. A irinsa takun biyu da rabi zai iya sauka a kafaɗun ƙofa biyu, alamar ta fito dishi-dishi ko ta ɓace. Bibbiyu karatu 50 ne, ƙarin goma kacal, kuma duk cikakkun lambobi ne. Biyar-biyar kuwa sai a sakakken makulli irin na Feynman, ko don leƙen farko a ga yanayin fayafai. Ɗai-ɗai karatu 100 ne, kuma yana da tasa illar: kafin ka kai rabi ido ya gaji, hannu ya sauya nauyi, karatun farko da na ƙarshe ba za su auna da juna ba.

Abin da ya sa zaɓin yake da nauyi shi ne, in ka tsallake ƙofa babu abin da zai gaya maka. Zane kawai za ka samu shimfiɗaɗɗe, ba ka san ko takunka ne ya yi faɗi ba, ko wani faifan ne ya tare wani. Sai ka sake zagaye daga farko. Ka guje wa ƙarin karatu goma, ka biya arba'in. Sauri ya haifi nawa.

Ni nawa makullin na gwaji, wanda na tsinta a wajen masu tsofaffin ƙarafa a Ƙofar Ruwa na ɗaure a jikin katako, ga yadda nake yi da shi. Zagayen farko biyu da rabi. Duk inda layi ya nuna alamar lotsawa, a ce tsakanin 35 da 40, sai in koma can in bi shi rabi-rabi, in ga inda ƙofar ta fara da inda ta ƙare, in ɗauki tsakiya. Babban taku don neman unguwa, ƙaramin taku don neman gida. In aka kawo mini makullin da ban san irinsa ba, bibbiyu nake farawa. Bayan sallar isha nake zama, lokacin da unguwa ta yi shiru, kuma ba na wuce zagaye ɗaya a zama guda.

Masu ƙera makulli ba su zauna ba su ma. A shekarun 1940 Harry C. Miller ya ƙware a wannan fasaha, sannan shi ɗin ya ƙera makullin da ke hana a samu abin karantawa. Hukumar UL kuma ta raba makullai aji-aji, kuma ku ji da me take aunawa: aji na 2M ya jure wa ƙwararre awa 2, aji na 1 ya jure awa 20. Da awa ake sayar da tsaro. A 2017, a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON a Las Vegas, Nathan Seidle da abokan aikinsa suka hau dandamali da wani ɗan mutum-mutumi da suka haɗa da kayan kusan dala 200, ya buɗe sef ɗin gida mai araha cikin kusan rabin awa. Dabararsa ta farko ita ce ta Feynman: ya auna sassaucin, ya ga zai iya tafiya uku-uku.

Wani zai ce, malam, wannan ba koyar da sata ba ne? Ɓarawon Kano ba ya zama da fensir yana zane awa uku, shi da ƙarfen ɓanɓara yake zuwa, ko ya haɗa baki da yaron kanti. Ƙungiyoyin masu wannan sha'awar, irin TOOOL da aka kafa a Holan, suna da doka biyu: kada ka taɓa makullin da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma kada ka yi wasa da makullin da ake amfani da shi. Wanda ya fi buƙatar wannan ilimin shi ne mai sef.

Na san wani gida a nan cikin birni. Mahaifinsu ɗan kasuwa ne, ya rasu ba zato, lambar sef tana kansa shi kaɗai. A ciki akwai takardun gidaje, da littafin bashi, da ajiyar mutane. Rabon gado ya tsaya, masu ajiya suna sintiri, 'yan ɗakin nan suna zargin 'yan ɗakin can cewa wani ya san lambar ya ɓoye. Da aka gaji aka kira mai walda ya yanka da wuta. Sef ya buɗe, amma zafi ya cinye gefen takardun, littafin bashin kuwa rabinsa ya zama gawayi. Har yau akwai 'yan uwan da ba sa gaisawa a kan abin da ke rubuce a shafukan da suka ƙone. Da an samu mai haƙurin zama da takarda, ko ƙwararren da zai huda ƙaramin rami a inda ya dace, da ba a kai nan ba. Muna da masu yanka mabuɗi a kowace kasuwa, muna da masu gyaran waya da suka gagara, amma wannan fannin kusan a buɗe yake ga matashin da zai koye shi da amana.

In gidanku ko kantinku akwai sef, ga abin da tarihin nan ya koyar. Na ɗaya, a sauya lambar da ya zo da ita daga kamfani. Feynman ya ji daga bakin mai gyaran makullan wurin aikinsu cewa da yawa ana barinsu a 25-0-25 ko 50-25-50, ya zagaya ofisoshi yana gwadawa, kusan ɗaya cikin biyar ya buɗe. Na biyu, a guji ranar haihuwa. Rana ba ta wuce 31, wata ba ya wuce 12, da takun biyu da rabi 64,000 ɗin nan ta koma wajen 2,600. Na uku, kada a bar shi a buɗe ana hira a gabansa. Na huɗu, wanda ya fi duka: a rubuta lambar, a liƙe a ambulan, a damƙa wa amintacce, a kuma sanar da iyali wanda aka ba. Sarkin Ƙofa ma ba shi kaɗai ya san yadda ake zare sakata ba, gidansa gaba ɗaya sun gaji aikin.

Wanda ya samu sarari ya leƙa Gidan Makama, akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni a ajiye, ku duba faci-facin ƙarfen da kusoshin da maƙeran Kano suka buga da hannu. Wanda kuma Baba ko Kaka ke da sef, yau in an idar da sallar magariba a zauna da shi cikin ladabi a tambaye shi: Baba, bayan kai, wa ya san lambar nan?

Mu tsaya nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.